Ɗakin da Kafinta Ba Ya Shiga

Da magariba abin ya fara. Kafinta ya rufe shago, yana wanke hannu a bakin famfo, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Kafin ya ɗaga kai wani ya biyo. Babu iska, babu motsin kowa a layi.

Matarsa ta ce, "Maƙwabcin nan ne. Tun da ka sayi injin yanka yake hararmu."

Shi kuwa ƙanensa yake zargi. Da jifan ya ƙi ƙarewa, har matar ya zarga a ransa. Kowa a gidan ya koma kallon kowa ta wutsiyar ido.

Akwai wani ɗaki a ƙarshen gidan. Kujeru ne a ciki, ko har da gadaje, wannan ya kwanta mini. Abin da na riƙe shi ne, duk kayan da mai saye ya dawo da su yana faɗa, kafinta ba ya dubawa. Daga bakin ƙofa yake tura su, fuska a kawar, ya datse kwaɗo, ya ce hassada ce. Masu saye suka yi ta janyewa, ɗakin yana cika.

Wata magariba aka tarar da 'yarsa zaune a ƙofar ɗakin, ido a kafe, tana dariya da muryar tsoho.

Aka kira malam. Ya zauna kusa da ita, ya daɗe yana karatu a hankali, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Uwar ta yi wuf ta ce, "Faɗi sunansa!"

Muryar ta ce, "Aike? Baiwar Allah, ɗaki na samu, ba mai shiga, ba mai sallama. Yanzu mijinki ya cika mini shi da tarkace, ko ƙafa ba na miƙewa, shi ya sa nake jifa. Ku bar mini ɗakin ni kaɗai, in sake ta."

"Na bar maka!" in ji kafinta.

Malam ya ɗaga hannu. "Yau ɗaki, gobe zaure. Ba a raba gida da shi."

"To, ya shiga da ƙafarsa, ya dubi abin da ya ɓoye, in tafi. In ya kasa, yarinya tawa ce." Muryar ta ƙyalƙyale. "Ba zai shiga ba. Na fi matarsa saninsa."

Kafinta ya dubi 'yarsa, ya dubi kwaɗon. Ya karɓi fitila, ya yi bismillah, ya shiga.

Ƙura ce kawai da yanar gizo a kan kayan. Ya ɗaga kujera, ƙafarta ta zare. Ya ɗaga wata, nan dai wurin ya saki. Ya shinshina, ya danna da farce.

"Ɗanyen katako," ya ce a hankali. "Ban bari ya bushe ba."

A bayansa yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. "Inna, ƙishi nake ji."

Da safe ya fito da kayan, ya shanya su a rana, ya gyara, ya bi masu su gida-gida yana ba da haƙuri. Aiki ya dawo a hankali. Ƙyauren ɗakin kuwa cire shi ya yi, ya mai da shi benci a ƙofar shago. In ban manta ba, maƙwabcin nan ne ya fara zama a kai.