Jinin da Inna Ta Girgiza

Auta na zaune bakin gado, takardar gwaji a cinyarta, kwana uku ko wanka sai an yi da ita. Bara ta yi jinyar ciwon daji ta tashi. Tela, saurayinta, bai fasa zuwa ba ko lokacin da gashinta ya zube. Gwaggonsa da ta rene shi ce ta kafa sharaɗi: a auna LDH, sinadarin da likita ke dubawa a jini don ganin ko ciwon na motsi. In ya hau, babu aure.

Ya hau.

Gwaggo ta aiko cewa ba ta reni ɗa don ya ƙare a barandar asibiti ba. Inna, uwar Auta, wadda tun rasuwar mijinta ba ta rusuna wa kowa ba, ta mayar da amsa su riƙe ɗansu, 'yarta ba kwantai ba ce. Tela ya zo ƙofa, ta kore shi.

"Inna, shi kaɗai ya rage mini, shi ma kin kora," in ji Auta, ta juya fuska bango.

Ranar komawa asibiti, mai gwajin ta tambaya wa ya kawo jinin daga ƙaramin asibitin unguwa. Inna ta ce ita da kanta, ba ta yarda da ɗan aike, kuma tun hawa babur har sauka tana girgiza kwalbar kar ya daskare.

"Haba Mama, ai jini ba maganin tari ba ne," in ji mai gwajin. "Girgizar nan na farfasa ƙwayoyinsa, lamba ta hau."

Aka sake ɗiba nan take. Washegari lamba ta fito daidai.

Auta ba ta yi murna ba. Ta ce Gwaggo cewa za ta yi sayen takardar aka yi, sai dai in ta ji gaskiya daga bakin mai laifi. Inna ta yini tana faɗa da tukwane, sannan ta ɗauki mayafi.

A tsakar gidan Gwaggo, Inna ta durƙusa.

"Hannuna ya ɓata jinin, bakina ya ɓata sauran. Yarinyar ba ta da laifi."

Gwaggo ta bar ta a ƙasa har ta gama ninke wanki. Sannan ta ce ta tashi, ɗan nata ma tun ranar bai ci abincin gidan ba, a yi auren.

Uwa, in ke kika jawo wa 'yarki kuka, durƙusa kawai. Gwiwarki ba ta fi rayuwarta tsada ba.