Firizar Inna Adda

Hayaniya ta riga mutanen isowa. Insfekta Bahijja tana tsaye bakin tagar ofishinta a Kazaure, zafi ya hana ta zama, sai ta hango taro ya shigo harabar ofishin 'yan sanda, an tasa wata budurwa a gaba. Hijabinta ya yage a kafaɗa, jakar kayan aiki tana hannunta, kuma kanta a ɗage yake.

"Wa ke ƙara?" Bahijja ta tambaya da ta fito.

Wani dogon mutum ya matso. Ya ce sunansa Lauwali, yana da shagon sayar da ruwan sanyi a bakin tasha. Tsohuwar da ke bayansa tana share hawaye ita ce Inna Adda, matar marigayi kawunsa, wadda ke dama fura da nono tana sanyayawa a firiza.

"Ranki ya daɗe, wannan yarinyar ce ta ƙona mata firiza. Ta zo ta liƙa wani akwati mai agogo a bango, wai yana tsare inji. Inna ta tafi suna Kanya Babba ta bar min mukulli in riƙa ba awaki dusa. Jiya da rana ina tsakar gida aka dawo da wutar nefa. Sai na ji ƙara a ɗaki, na leƙa, hayaƙi na fita daga akwatin."

"Da idonka ka gani?"

"Da idona."

Aka kai budurwar, Ikilima mai aikin wutar lantarki, bayan kanta. DPO ya leƙo ya ce ko dai ta ba da haƙuri a sasanta, ko gobe a kai ta kotu. Bahijja ta isar mata da saƙon.

"Ba zan ba da haƙuri ba," in ji Ikilima. "In na bayar, na amsa laifi ke nan. Daga ranar babu gidan da zai sake buɗe min ƙofa, dama da ƙyar matan aure suka shawo kan mazajensu ake kirana."

"Mene ne aikin akwatin?"

"In an dawo da wuta yakan ɗan jinkirta kafin ya sake ta ga firiza, saboda ta farko takan zo da hauka. Shi ke nan. Ku kwance shi ku duba cikinsa, ranki ya daɗe. Ni ko kwana ne zan kwana."

Bahijja ta koma ofis, ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Ta san irin kallon da aka yi wa yarinyar nan a harabar, domin shi aka yi mata ranar da ta fara saka kaki. Amma tausayi ba hujja ba ne. Ta kira Kofur Musaddiƙ ya tayar da babur.

A gidan Inna Adda, ɗakin firizar yana warin ƙauri. Akwatin da soket ɗin da ke ƙarƙashinsa sun yi baƙi ƙirin, robar fuskarsu ta narke ta zubo. Bahijja ta sa aka kashe wutar gidan, ta karɓi sukundireba ta kwance su da kanta.

Ciki fes. Wayoyin suna ɗaure tamau, ja da baƙi, ko alamar toka babu.

"Madam, wutar da ta tashi daga ciki ai ciki take fara ci," in ji Kofur.

Ta shafa bangon da yatsa, ta sunsuna. Kananzir.

Inna Adda tana zaune kan tabarma a tsakar gida, ƙoren furarta a kife. Bahijja ta durƙusa gabanta.

"Inna, da za ki tafi, a kunne kika bar firizar?"

"Wane ni, 'yar nan. Na kwashe komai na wanke ta. Ni ban taɓa kwana a wani gari na bar wuta a gidana ba. Tun gobarar da ta cinye ɗakin maƙwabciyarmu, in zan yi tafiya sai na zare wannan farin abin na jikin mita, in ƙulle a bakin zanina. Har Kanya Babba na je da shi. Yau da safe na mayar."

Bahijja ta waiga ta dubi allon mita a zaure. Fis ɗin yana nan a mazauninsa.

"Lauwali ya san kina haka?"

"Me zai kai ni faɗa masa? Shi da awaki kawai na haɗa shi."

"To Inna, wutar da ba ta shigo gida ba, yaya za ta ƙona firiza?"

Tsohuwar ta juya maganar a ranta. "Na ɗauka abin yarinyar yana tara wuta a cikinsa ne, kamar fitilar caji."

Suka jawo firizar daga jikin bango. Injin da ke ƙasanta duk tsatsa ne, alhali jikin firizar bai tsufa ba. Kusoshin da suka riƙe shi suna da sabon karce, siraran bututan kuwa yanke su aka yi da zarto, aka cusa baki cikin baki, aka shafe da baƙin tukunya.

A layin masu gyara da ke bayan kasuwa, mutum ɗaya aka nuna musu, Silvanus mai gyaran firji. Ya tarbe su da fara'a, har ya goge musu benci. Bahijja ba ta zauna ba.

"Wa ya kawo maka injin firiza jiya?"

"Jiya? Madam, jiya ko fanka ban taɓa ba."

"To rufe shago. Za ka faɗi haka a rubuce, kuma in na sami injin da aka sato da walda irin taka a jiki, kai ne ɓarawon."

Fara'ar ta gudu. Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa.

"Sata kuma? Lauwali ne. Firizar shagonsa ta mutu tun makon jiya, ni na kwance masa mataccen injin ya tafi da shi. Jiya da yamma ya kawo wani mai lafiya, ya ce daga Babura ya samo, in ɗaura masa kar kowa ya ji, wai saboda 'yan hassada."

Sun tarar da Lauwali a shagonsa, ana ta layin ruwan sanyi. Firizarsa tana gurnani a kusurwa. Da ya ga kaki ya fito da sauri.

"Ranki ya daɗe, ta amsa?"

"Sake faɗa min. Kana tsakar gida aka dawo da wuta?"

"Ƙwarai. Har rediyon maƙwabta na ji ya kama."

"Na maƙwabta ka ji. Gidan Inna babu wuta tun ranar da ta tafi. Jiya fis ɗin yana ƙulle a zaninta a Kanya Babba."

Kofur ya zagaya bayan firizar ya haska da waya, ga sabuwar walda tana ƙyalli. Silvanus, da suka taho da shi, yana tsaye bakin ƙofa, ya kawar da kai.

Lauwali ya zauna kan buhun ruwa.

"Aro na yi niyya," ya ce a hankali. "Zafin nan shi ne kasuwata. Na ce in damina ta faɗi zan mayar mata."

"Da zarto ake aro? Kananzir ɗin fa?"

"Na tsoma tsumma na kunna a jikin akwatin. Don a ce shi ne."

"Me Ikilima ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba." Ya dubi ƙasa. "Na ga in aka ce mace ce ta ɓata wuta, ba wanda zai tsaya tambaya."

Kofur ya saka masa ankwa. Masu layin ruwa suka dare suka ba su hanya.

La'asar ta yi lokacin da aka fito da Ikilima. Inna Adda ta riƙo hannunta tana neman gafara, ita kuma ta rusuna ta ce ba komai, Inna. Bahijja ta ce za ta sa a kai ta gida a mota.

"A'a, ranki ya daɗe. Gidan Inna za ni, kuma da ƙafa, ta tsakiyar unguwa. A ba ni soket sabo in ɗaura yau, ƙofa a buɗe. Wanda ya ga an kawo ni, ya zo ya ga ina aiki."

Bahijja ta ɗan dube ta, sannan ta ɗauki hularta.

"Mu je. Ni zan riƙe miki tsani."

"Soket ne, ranki ya daɗe, a ƙasa yake."

"To zan tsaya dai a bakin ƙofa," in ji Bahijja. Suka fita tare.