Gwangwanin Larai

"Asabar mai zuwa za mu tashi. Kachia."

Haka Saje Shekari ya faɗa yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a baya kamar mai duba fareti. Matarsa Larai tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana tsince shinkafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Siginar canjin bariki ce ta zo?"

"Wace sigina kuma? Ni da na ajiye kaki?"

"To wa ya ce Kachia?"

"Ni na ce."

"Au! Ashe kai ne sabon kwamanda..."

Wata biyu ke nan da sallamar Shekari daga soja, bayan shekara ashirin da biyu yana sara wa na gaba. Damina ce ta alif ɗari tara da casa'in da tara, ƙasa duk ana ta murnar farar hula sun karɓi mulki. Su kuwa sun fito daga bariki sun kama hayar ciki da falo a unguwar Romi a Kaduna, kafin su ga inda za su kafa gida da 'ya'yansu uku, Vicky da Kevin da auta Rebecca.

Shekari bai ɗauki zaɓen garin da wasa ba. Shi kaɗai ya shiga mota ya zaga Zonkwa da Kagoro da Kachia, da ɗan littafinsa a aljihu. Ruwa, makaranta, asibiti, hanyar shiga da ta fita, duk ya rubuta. Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai tambayi kowa a gidansa ba.

Larai ta ajiye tiren, ta miƙa hannu. "Ba ni littafin nan."

Ya ba ta. Ta buɗe tana bi da yatsa.

"Kagoro: ruwa akwai, makaranta akwai, asibiti kusa. Kai da hannunka ka rubuta. To me Kachia ta fi ta da shi?"

Ya yi gyaran murya. "Akwai bariki kusa. Akwai mutanena. In an yi rashin lafiya ko wani abu..."

"Bariki!" Ta rufe littafin da ƙarfi. "Baban Vicky, shekara goma sha huɗu ina bin ka. Jaji, Makurdi, Inugu, Kaduna. Yau a ce naɗe tabarma, gobe a ce hau mota. Ban taɓa cewa uffan ba. Yanzu mun fita ta ƙofa, kana so ka mai da ni ta taga?"

"Larai, ki saurara..."

"Soja sun sauka daga mulki a Abuja, saura gidan nan! In Kachia ce, Allah ya kiyaye hanya. Ni da yarana muna nan."

Ta yafa gyalenta na zumuntar mata ta fice coci, ta bar shi tsaye da shinkafa a ƙasa.

Gaskiya dai Shekari ba mugu ba ne. Yana son matar nan kamar ya haɗiye ta, sai dai bakinsa bai iya faɗa ba. Abin da ya kasa gaya mata shi ne, tun da ya bar bariki bai san yadda ake zaman gari ba. Asuba ta yi babu busar bigila, ya tashi ya goge takalmi, sannan ya tuna ba shi da wurin zuwa. Tsoro yake ji, shi da ya ga Laberiya da idonsa.

Soja kuwa in ransa ya ɓaci, aiki yake nema. Sai ya faɗa ɗaki ya hau rage kaya, don a ganinsa tarkace ne ke hana tafiya sauri. Tsohon risho, tukunya mai huji, murafen kwano marasa uwa, duk ya tara a tsakar gida. A can ƙasan kwallar Larai ya ci karo da wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa, an ɗaure bakinsa da tsumma. Ya girgiza, bai ji motsin komai ba. Ya wurga shi cikin tarin.

Ana haka sai ga muryar Malam Nasiru mai gwangwan daga layi, yana tura baronsa. Shekari ya kira shi ya kwashe, shi kuma ya ba shi sababbin robobi biyu, ja da shuɗiya. Har murmushi Shekari ya yi. Ya ce a ransa wannan zai sanyaya mata zuciya.

Da la'asar Larai ta dawo. Ya nuna mata robobin.

"Kin gani? Na raba ki da shara."

Ta dubi robobin, ta dubi ƙofar ɗaki. Sai ta ruga ciki. Ya ji ƙarar kwanuka suna zubewa, sannan shiru. Da ya leƙa, tana zaune daɓas a ƙasa, kwalla a kife tsakanin ƙafafunta.

"Gwangwanin... Shekari, ina gwangwanin?"

Rabon da ta kira sunansa tsirara tun kafin a haifi Vicky.

"Wanda ya yi tsatsa? Ai ba komai a ciki..."

"Wayyo Yesu! Ka kashe ni!"

Ya durƙusa gabanta. "Kuɗi ne? Zinariya? Faɗa mini, zan saya miki wani!"

"Cibiyoyin 'ya'yanka ne!"



Tana kuka tana magana. "Kowane yaro in cibiyarsa ta faɗi, bayan gidan ubansa ake binnewa, a ce nan ne garinsu. Ni ubana soja ne. A bariki aka haife ni, ba wanda ya san inda aka jefa tawa. Tun ina makaranta in an ce kowa ya faɗi garinsu, sai a yi dariya a ce, ‘Bar ta, 'yar bariki ce.’ Na rantse 'ya'yana ba za su ji wannan ba. Na ƙi binne ko ɗaya a ƙasar gwamnati. Na ce sai ranar da muka sami namu..."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Yaushe? Wace haihuwa ce ta same ka a gida? In ma na faɗa, cewa za ka yi camfin mata ne."

Bai musa ba, don ya san haka zai ce.

"Uku ne a ciki?" ya tambaya a hankali.

Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi. "Huɗu."

Shekari ya ji kamar an buga masa gindin bindiga a ƙirji. Ishaku. Yaron da aka haifa yana Laberiya, ya yi kwana arba'in a duniya ya koma. A wasiƙa ya ji haihuwarsa, a wasiƙa ya ji mutuwarsa, su biyun kuma rana ɗaya suka iso hannunsa. Bai ga fuskarsa ba, ko hoto ba a ɗauka ba. Kabarin yana can Makurdi, ciyawa ta cinye alamar.

"Shi ke nan abin da ya rage mini nasa," in ji ta. "Shi ke nan..."

Bai tsaya neman takalmi ba. Silifas ɗinta ya zura, rabin dunduniyarsa a ƙasa, ya fita da gudu. Mai shago a bakin layi ya ce ai Malam Nasiru a Makera yake zube kaya, bayan masu walda. Ya tare ɗan acaɓa.

"Makera! Ka taka, ɗan'uwa!"

"Oga, hadari fa ya haɗu..."

"Ko duwatsu ake zubowa, mu je!"

Kafin su kai, ruwa ya kece. Ya isa rumfar gwangwan a jiƙe sharkaf, ya tarar da tsibin gwangwanaye ya fi shi tsawo, a gefe kuma waɗanda aka riga aka daddake da guduma. Bai yi sallama ba, ya faɗa kan tsibin yana tono da hannu. Ƙarfe ya yanke shi a yatsa, bai ma ji ba.

"Saje! Lafiya? Ko robar ce ta fashe?"

Malam Nasiru ne, dattijo mai furfura a gemu, yana zaune daga ciki ya idar da salla.

"Malam, gwangwanin madara... da tsumma a bakinsa... don girman Allah..."

Dattijon ya dube shi. Sai ya miƙa hannu saman katakon rumfa, inda yake ajiye carbi da rediyo, ya sauko da shi.

"Wannan?"

Shekari ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ni ba na dake abin da aka ɗaure sai na buɗe," in ji Malam Nasiru. "Ina gani na gane. Uwata ma haka ta yi da namu, daga nan har Ɗanbatta ta kai su. Na ce mai wannan zai zo, in bai zo ba gobe in kai. Amma na zaci uwar ce za ta zo da taɓarya."

"Saura kaɗan, Malam."

"To ka buɗe ka ƙirga kayanka."

Ya kwance tsumman. Ƙulli huɗu ne ƙanana, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Uku an naɗe su da ƙyallen zanen goyo. Na huɗun kuwa da yankin kaki aka naɗe shi, kore, irin na tsohuwar rigarsa da ya bari a rataye ranar da aka kwashe su zuwa yaƙi.

Saje Shekari, wanda ya binne abokai bai zub da hawaye ba, ya riƙe ƙullin nan a tafin hannu ya fashe da kuka a gaban mai gwangwan. Malam Nasiru ya juya ya hau gyaran rediyonsa da ba abin da ya same shi.

Ruwa ya tsagaita lokacin da ya koma Romi. Larai tana bakin ƙofa, yara sun lafe a bayanta. Ya ciro gwangwanin daga cikin rigarsa ya ɗora mata a hannu. Ta buɗe, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta rungume shi a ƙirji.

"Da rigata kika naɗe shi," ya ce.

"Ba ka nan. Na ce ko ƙamshinka ya ji."

Ya share fuska da bayan hannu. Sai ya ciro ɗan littafin nan, ya jiƙe har tawada ta zube, ya miƙa mata.

"Larai tawa... ni ban iya gari ba. Gaskiyar ke nan. Tsoro ne ya sa na ce Kachia. Ke ki zaɓa. Inda kika ce a tona, nan zan tona."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan ƙafafunsa.

"Da silifas ɗina ka je Makera?"

Vicky ce ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka ɗauka. Larai tana dariya hawaye na zuba.

"Ba ni kaɗai zan zaɓa ba, Baban Vicky. Tare za mu je, har yaran. Kai ka duba hanyar shiga da fita, ni in zauna da matan wurin in ji ko suna dariya. Bigila kuwa kar ka damu, zan saya maka zakara."

Garuruwa uku suka zaga, su biyar. A Kagoro Larai ta zauna da mata a bakin rafi har rana ta karkata, Kevin ya dawo da aljihu cike da gwaiba da wata tsohuwa ta ba shi, Rebecca ta yi barci a bayan matar da ba ta taɓa gani ba. Larai ta dubi mijinta ta gyaɗa kai.

Ranar da aka auna musu fili a gindin dutse, ko tubali ɗaya ba a aza ba, Shekari ya karɓi aron diga ya hau tono a inda bayan ɗaki zai kasance. Rami ya kai gwiwa, ya doshi ƙugu.

"Ya isa, Saje! Ba ramin yaƙi ba ne!"

Ya fito yana haki. Ta durƙusa ta buɗe gwangwanin, ta miƙa wa kowane yaro ƙullinsa ya saka da hannunsa. Na kakin ta riƙe, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kamo hannun mijinta ta damƙa masa.

"Kai ka sa shi. Ba ka taɓa ɗaukarsa ba."

Shekari ya sauka cikin ramin. Ya kwantar da ƙullin a tsakiyar 'yan'uwansa, a hankali, kamar mai gudun ya tashe shi daga barci.

"Ishaku," ya ce, "Baba ne. Mun iso gida."