Kujerar Baya a Motar Auta

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na jiranta.

Wata Asabar da hantsi, Malama na zaune a tsakar gida tana duba littattafan 'yan ajinta da jan biro, sai ta ji hon a ƙofar gida, mai kauri kamar kukan bijimi. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba ta fita. Ga mijinta nan, Auta, zaune a bayan sitiyari, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

Mota ce doguwa, ruwan toka, ta hannu ce amma tsaf da ita. Faɗinta ya sa sai da Auta ya naɗe maduban gefe kafin ta shiga get. Maƙwabcinsu mai aski ya leƙa ciki, ya shafa kushin, ya ce to alhamdulillahi, ko mai gidan haya ya kore su yau sun sami ɗaki da falo. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki.

Shi Auta direban wani kamfani ne, shekara goma sha biyu yana tuƙa shugaban wurin. Da Allah ya hore masa sayen tasa, ƙarama ya so, wadda ba ta shan mai. Malama ce ta kafe sai babba, saboda Inna, mahaifiyarsa, mai ciwon gwiwa, wadda shiga ƙaramar mota ke sa ta kwana biyu tana ɗingishi.

Ku sani, ita Malama ba ta san uwa ba. Tana goye mahaifiyarta ta rasu. Da ta yi aure sai Allah ya ba ta Inna. Inna ba ta taɓa kiranta suruka ba, 'yar albarka take ce mata. Kowace Asabar Malama kan je ta shafa mata man zafi a gwiwa, su yi ta hira, har Auta ya riƙa ƙorafin wai an ƙwace masa uwa.

To, a ranar suka ɗauki hanya don Inna ta sa wa mota albarka. Motar kuwa ba a cewa komai. In ta faɗa rami sai ta yi lilo kaɗan ta wuce, ba ka jin ƙarar titi, sanyin esi na ratsa ka har ta baya. Malama ta ce ita dai ji take kamar a kan gado ake tafiya da ita.

Inna ta fito da sandarta, ta zagaya motar tana addu'a, ta tofa a kan kowace taya. Ta gama, ta miƙa hannu za ta kama ƙofar gaba. Sai Auta ya yi wuf ya sha gabanta, ya buɗe ƙofar baya, ya ɗan rusuna, ya ɗora tafin hannunsa a saman ƙofar don kada kanta ya bugu. Malama kuma ta shige gaba, ta ja kujerarta har gwiwoyinta suka tokare, don Inna ta sami wurin miƙe ƙafa.

Inna ta ɗan tsaya, sannan ta shiga. Suka zaga gari, Auta na ta bayani, ga wurin ɗora hannu a tsakiya, ga labulen gilas in rana ta dame ta. Inna ba ta ce uffan ba. Su kuwa suka ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Asabar ta zagayo, Malama ta je da man zafinta. Inna ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta janye ƙafarta, ta ce gwiwar ta yi sauƙi. Ta biyu ma haka. Aka daina jin 'yar albarka a bakin Inna, sai "matar Auta." In an ce za a zo da mota a kai ta asibiti, sai ta ce a bar shi, tasi bai ƙare a gari ba.

Yaya, babbar 'yar Inna, ita ta fasa ƙwan. Ta tare Malama a bakin ƙofa ta dube ta sama da ƙasa.

"Sannu, mai gaban mota. Uwa ta haifa, ta yi wahala, ranar farko kin tura ta baya kamar buhu, kin haye gaba kin hakimce."

Malama ta juya. Ta koma gida tana kuka, ta faɗa wa Auta. Shi ma ya riƙe baki, don a duniyarsa ta direbobi kujerar baya ita ce ta mai mota. Gaba ta ɗan rakiya ce. Ya garzaya ya yi wa Inna bayani. Yaya ta ce ai daman an kitsa masa abin da zai faɗa. Inna kuma ta ce ya tashi ya tafi, ta gode, ba ta san ya iya daɗin baki haka ba.

Daga nan daɗin mota ya gushe. Auta ya daina wanke ta da asuba yana waƙa. Wata rana ya ce shi sayar da ita zai yi, tun da ta zo ba su ga alheri ba. Da Malama ta hana, sai ya ce ai daman ita ta nace sai babba. Wannan ce maganar farko mai zafi da ta taɓa shiga tsakaninsu. Ya ga idonta ya ciko, ya dawo yana cewa sori, Malamata, bakina ne ya zame. Ta ce ta yafe, amma a bar motar, ba ita ta yi laifi ba; kuma ita ba mota take kuka a kai ba, uwa take neman rasawa karo na biyu.

Ba ta fasa zuwa ba. In Inna ta hana gwiwa, sai ta share ɗaki, ta wanke 'yan kwanuka, ta zauna daga gefe. Yaya na yar da magana, Malama na yi kamar ba ta ji ba. Haka har sati bakwai.

A Asabar ta bakwai wata tsohuwar ƙawar Inna ta zo, wadda suka yi fatauci tare a ƙuruciya. Malama na goge tagar ɗaki ta waje, tana jin su. Suna tuna yadda suke bin manyan motocin kaya zuwa kasuwannin ƙauye, a can baya a kan buhuna, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Gaba kuwa, kusa da direba, sai mai hali, sai wanda ake jin kunyarsa. Inna ta ce shekara ashirin tana hawa, ko sau ɗaya ba a taɓa ce mata ta shiga gaba ba. Ta ce akwai ranar da ruwa ya jiƙe ta sharkaf da Auta a bayanta, ta ce a ranta, in yaron nan ya girma ya yi mota, ita ma za ta zauna a gaba ta ga hanya na tahowa. Ta ce ashe ko a motar ɗanta baya ce wurinta.

Malama ta tsaya da tsumma a hannu, hawaye na zuba. Sai yanzu ta gane ciwon. Ta kuma gane bayani ba zai warkar da shi ba, tun da an yi an ƙi ji. Sai dai in Inna ta gani da idonta.

Asibitin ƙashi da Inna ke zuwa yana kallon kamfanin su Auta, titi ne kawai a tsakani. Ranar ganin likita Yaya ta ce tana da uzuri, dole Malama ce ta raka Inna a tasi. Aka gama wajen ƙarfe huɗu saura. Malama ta san ƙarfe huɗu shugaban ke tashi, sai ta roƙi Inna su ɗan zauna a benci a bakin get, ƙafarta ta huta kafin su nemi abin hawa. Ba ta gaya wa Auta komai ba, tana dai fatan kada yau mutumin ya yi latti.

Bai yi ba. Wata baƙar mota ta zo ta tsaya a gindin matakala, Auta ya fito cikin kayan aiki. Inna ta gyara zama, don ba ta taɓa ganin ɗanta a bakin aiki ba. Masu gadi suka ƙame. Wani dattijo mai furfura ya sauko, mutane na bin sa da takardu. Auta ya buɗe ƙofar baya, ya rusuna, ya ɗora tafin hannunsa a saman ƙofar. Dattijon ya shiga ya jingina. Wani ma'aikaci mai rungume da jakar dattijon ya shige gaba, ya ja kujerarsa ya takure.

"Wancan na bayan, wane ne?" Inna ta tambaya, ba ta ɗauke ido ba.

"Shi ne mai kamfanin, Inna."

"Na gaban fa?"

"Mai riƙe masa jaka."

Motar ta wuce. Inna ta daɗe tana kallon inda ta tsaya. Can ta dubi gwiwoyin Malama, ta tambaye ta ko ranar nan ita ma haka ta takure. Malama ta sunkuyar da kai ta ce ai tafiyar ba nisa.

Inna ta kama hannunta ta riƙe gam. "'Yar albarka, sati bakwai kina share mini ɗaki ina hararar ki. Ashe jakata kika riƙe."

"Mu ma da laifinmu, Inna. Mun ba ki abin da muke gani babba, ba mu tambaye ki wanda kike so ba."

Suka yi kukansu a kan bencin nan, har mai gadin asibiti ya matso yana tambaya ko likita ya faɗi wani abu ne. Inna ta share ido ta ce masa lafiya lau, ya koma bakin aikinsa.

Da Asabar ta zo, Inna da kanta ta aika a zo da mota. Auta ya wanke ta har tana ɗaukar ido. Wannan karon Malama ce ta buɗe ƙofar gaba, ta tura kujerar gaban can baya sosai, ta kwantar da ita kaɗan, ta ɗaura wa Inna bel. Yaya, wadda Inna ta ba ta labari, ta fito tana sosa ƙeya, ta ce wa Malama a yi haƙuri da ita, bakinta ya fi hankalinta sauri. Malama ta jawo ta suka shige baya tare.

Suka fita bayan gari inda titi ya miƙe. Inna ta dafa gaban motar da hannu biyu, tana kallon hanya na tahowa, itatuwa na rabewa suna ba ta wuri. Ta sa Auta ya danna hon ba dalili, ya danna, ta ƙyalƙyale da dariya kamar yarinya. Ta ce ya ƙara wuta, shi da ya saba lallaɓa manya ya ce Inna a yi a hankali, ta ce ita ta hau motocin da ba su da burki ma ba ta mutu ba.

Da suka juyo, Yaya ta riga ta yi barci a kushin, baki buɗe. Inna ta waiwaya ta dubi Malama, ta ce to yau ga ta a kujerar masu kamfani, yaya ta ji?

"Daɗi, Inna. Sai dai ba na ganin hanya."

"Bari ni in riƙa gaya miki abin da ke tahowa," in ji Inna. Haka kuwa ta yi har gida, ga wata gada, ga masu shanu, ga wani mai keke zai yi ganganci, Auta na dariya yana kallon matarsa ta madubi.

To, kun ji. Girmamawa ba abin da kai kake gani babba ba ne kaɗai. Ka san abin da zuciyar wanda kake girmamawa take buri. Kuma in an yi maka mummunar fahimta a cikin dangi, kada ka yi fushi ka ɗauke ƙafa. Da Malama ta daina zuwa a sati na biyu, da ba ta ji abin da ta ji a na bakwai ba, da ta rasa uwa a kan kujera.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. In kun tsinci ƙarya a ciki, gizo ne ya sa ta, ba ni ba.