Daɓen Ɗakin Hamdiyya

"Wagga murya taki ce, ko ba taki ba ce?"

Hajiya Tabawa, mahaifiyar Abdussamad, wanda aka sa mana ranar aure da shi, ta ajiye salula kan tabarmar Innata a gidanmu na Konni. Daga cikinta muryata ke tashi, ina ba da waƙa, mata na amsawa.

Innata ta mintsine ni a cinya, wai in yi shiru.

"Tawa ce, Hajiya."

"Ke kuma ba ki ko musu! Naja'atu ta hwaɗa mani ban yarda ba, sai da ta ɗauko mani. Ashe taron masu taɓin hankali kike zuwa bayan gidan likita?"

Naja'atu! Ɗiyar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana yi wa Abdussamad kunun da bai aike ta ba. Ita ce ta zo ƙungiyarmu da hawaye, wai ba ta barci, muka matsa mata wuri. Ashe salularta a kunne take cikin hijabi, tana ɗaukar muryarmu.

Ba zan ɓoye ba, na yi ciwo. Ina bayan Babana kan moto, wato babur, ranar da mota ta kaɗe mu a hanyar Tsarnawa. Ni na tashi, shi bai tashi ba. Daga nan bakina ya rufe, abinci ya fita raina, ƙarar moto ma sai ta sa ni makyarkyata. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Daga ƙarshe Madam Asma'u, ma'aikaciyar gidan likita, ta sa aka ba ni magani, ta kuma ja ni ƙungiyar matan da damuwa ta taɓa.

Mu ba zaman surutu kawai muke ba, daɓe muke yi irin na kakanninmu. Duk wadda ɗakinta ya farfashe sai mu je, mu zuba tsakuwa, mu yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mu yi ta dukan ƙasa da madaɓi har ta kwanta sumul. Kowa ta ƙirƙiri baitinta da abin da ke cin ranta, sauran su amsa. A wurin daɓe na fara buɗe baki.

"Sharaɗina guda," in ji Hajiya tana gyara mayafi. "Ta hita daga cikinsu, ta ce wa mutane kallo taj je. In ba haka ba, ɗana ba ya kawo mani abin nuni gida."

"Hajiya, ba kallo na je ba..."

"Hamdiyya!" Innata ta daka mani tsawa.

"Ni ɗaya ce daga cikinsu. Kuma ba ni hita."

Hajiya ta ɗauki salularta, ko sallama babu.

Da la'asar Abdussamad ya iso daga Malbaza, inda yake tuƙa motar siminti. Ko ƙurar da ke girarsa bai wanke ba.

"Hasken idona, mi kika yi haka?"

"Gaskiya na hwaɗi."

"Na san gaskiyar tun ran da nig gan ki, kuma ban gudu ba. Amma ki ɗan janye har a ɗaura. In an ɗaura, ni da kaina zan riƙa kai ki."

"A ɓoye?"

Ya sunkuyar da kai.

Wallahi ina son mutumin nan. Shi ne ke kashe moto tun daga bakin lungu ya turo ta da hannu, don kada ƙararta ta firgita ni. Amma a lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Abdul, lokacin da ko sunana ba ni iya hwaɗi, matan nan sunka zauna da ni. Yau in ce ban san su ba don in samu ɗaki?"

"To mi kike so in yi, rabin raina? Uwata ce!"

"Ɗakin da ka gina mani gidanku, ka zuba siminti?"

"Jibi za a zuba, har da karo, tayil ɗin nan na ƙasa."

"Kada ka zuba. Ƙungiyarmu za ta daɓe shi, da rana tsaka, kowa na ji. In kana jin kunyarsu, to kunyata kake ji, ka bar ni tun yanzu."

"Direban siminti ya kwana kan daɓe? Abokaina sai su kashe ni da dariya..."

Ban yi dariya ba. Na shige gida na bar shi tsaye, na faɗa bayan ƙyaure na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Shiru, babu kira, babu saƙo. Naja'atu kuwa har sabon lalle ta sa, tana wucewa ta ƙofarmu. Na ci gaba da shan maganina, na ci gaba da zuwa ƙungiya, zuciyata na ƙuna.

Ranar Asabar muna zaune bayan gidan likita, sai ga amalanken jaki ya tsaya, shaƙe da tsakuwa da jarkokin makuba. Abdussamad ne a kai, yana ta fama da jakin da ya raina shi.

"Madam Asma'u," ya ce da ƙarfi, har masu jiran allura suka juyo, "ina neman alfarma. Ɗakin matata nike so a daɓe."

Ban san lokacin da na rufe fuska da hijabi ba.

Amarya ba ta zuwa daɓen ɗakinta, kowa ya sani. Ni na je, ni na ba da waƙa.

"Na yi shiru na gaji, yau ƙasa za ki ji!"

"Ƙasa ki ji!"

Madaɓai na sauka tare, tim, tim, maƙwabta sun cika katanga. Sai haske ya ragu a ƙofa. Hajiya Tabawa ce, fuska a murtuke, Naja'atu na leƙe ta bayanta.

Mata suka tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Na maimaita baitina ni kaɗai, idona cikin na Hajiya.

Ta dube ni. Sannan ta dubi ƙasa, ta shafa ta da tafin ƙafa.

"Wa ya koya maku daɓe? Makuba ta yi kaɗan, kusurwar can ko ba a taɓa ba! Haka za ku ɓata ɗakin ɗana?"

Ta cire mayafi ta miƙa wa Naja'atu, ta ɗaure zane, ta durƙusa kusa da ni har kafaɗarmu na gogayya. Ta karɓe madaɓin wata tsohuwa.

"Ke mai taurin kai," ta ce ba ta kalle ni ba. "Ɗiyata, ba da waƙar mana, hannuna ba ya tahiya babu amshi."

Na share hawaye da bayan hannu, na ɗaga murya yadda duk unguwar za ta ji.