Gaba Talatin da Biyu

Matan da suka zo ɗiban ruwa bayan la'asar ne suka tarar da Cindo kwance rub-da-ciki a bakin foraj, rijiyar burtsatsen zango, kansa a fashe, ƙudaje sun riga kowa zuwa. Ranar kasuwar Dakoro ce, duk namiji mai ƙafa a Zangon Ango ya tafi gari tun safe. Sai da aka samu mai babur kafin labari ya kai birgad, ofishin jandarma.

Ajidan Sadiƙu Abarci ya iso da sauran rana. Jandarma ne mai shekara hamsin, ba ya son surutu, ba ya kuma son a riga shi yanke hukunci. A Zangon Ango an riga shi.

“Ranka shi daɗe, ai magana a hili take,” in ji mai gari. “Shi na gardin wurin, mai tsaronsa. Ya haɗa baki da ɓarayi, sunka yi faɗan rabo, sunka kashe shi. Mun ba shi amana ya ci.”

Sadiƙu ya shiga cikin shingen foraj ɗin. An fasa kwaɗon akwatin wuta, alhali makullin na rataye a wuyan mamacin. An datse kaurin kabul ɗin da ya taso daga fano, faifan nan masu kama hasken rana, an yi gaba da shi, bakin yankan ya yi baƙi ƙirin. Fano goma sha shida kuwa suna nan, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya leƙa ramin foraj, babu tiyo, babu igiyar da famfon ke rataye da ita. Komai ya faɗa ƙasa.

Ya juya hannuwan Cindo. Fatar tafin ta saɓule duka, zaren shuɗiyar igiya ya manne a cikin naman.

A hanyar da ta taso daga gari ya tsinci leda, sukari da ganyen shayi sun watse a ƙasa, gaba kaɗan kuma takalmi wari guda. Ta gabas da foraj, inda ba kowa ke bi ba, ya ga ramuka biyu na inda aka kafa gwafar jan ruwa, sannan sawun bijimi guda ɗaya ya miƙe sambal cikin rairayi, ya yi kwana ta hagu, ya dawo. Ya karɓi igiya ya auna da hannuwansa biyu a buɗe, kamar yadda ake auna rijiya. Gaba talatin da biyu. Ya rubuta, ya sa aka rufe sawun da ƙaya.

An binne Cindo washegari, mutum bakwai a bayan liman. Mutanen zango ba mugaye ba ne, amma ƙishirwa ba ta barin mutum da kirki. Shekara huɗu suna buɗe famfo ruwa ya zubo, yanzu a tsakiyar bazara sun koma tafiyar rabin yini da jakuna. Kowace jarka da aka ɗauko, da sunan Cindo ake sauke ta, ba kuwa da addu'a ba. A ƙofar gidansa an shimfiɗa tabarmi uku na zaman makoki, ba kowa a kai sai surukinsa Jimrau, yayan matarsa, ya rufe fuska da rawani yana jan carbi.

Matar, Bilki, ta yi wa Sadiƙu magana ta bayan zana, don ta shiga takaba.

“Mai gari ya ce in an yi bakwai mu tashi mu bar garin. Tashin bai dame ni ba, Ajidan. Ɗiyana huɗu. Duk inda munka tahi, ɗiyan ɓarawo za a ce musu har su mutu. Mutumen da ko ruwan alwala ba ya ɗiba a foraj sai ya hwaɗa ma kwamitin ruwa.”

“Kina zargin wani?”

“Ban zargi kowa ba. Ku dai wanke mini shi.”

Maganar ta tsaya wa Sadiƙu a rai, don bai saba a roƙe shi abu kaɗan haka ba, mai nauyi haka.

Ya fara da Alhaji Harouna, wanda kowa a Dakoro ya san wurinsa jan ƙarfen waya ke ƙarewa in ya ɓace. Da, hatsi da wake yake kaiwa Najeriya. Yanzu rabin shagonsa na bayan kasuwa buhunan tsohuwar waya ne, da naɗin cikin injin niƙa, da mundayen kakanni da mata ke fitowa da su daga ƙasan adaka. Sikelin da ya auna gero shekara ashirin, shi ke auna su.

“Ni kuke zargi?” Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. “Tun hantsi har magariba ina nan, kasuwa duka shaida ce.”

“Mi ya sa ɓarawo za ya bar fano shi ɗauki waya?”

“Ajidan, kana baya. Fano yanzu ya zan kamar kwanon rufi, Sin ta cika duniya da shi. Jan ƙarfe shi na zinariya.” Ya nuna wayar hannunsa. “Kullum da sahe nan nike ganin farashi. Can ƙasashen sun ce sun gaji da esansi, man mota, motar lantarki suke so, kuma an ce kowace guda tana cin jan ƙarfen mota uku ko huɗu. Su suna hawa mota mai tsabta, mu nan muna tone bango muna hiddo waya. Ni na sa? Ni dai ɗan tsakiya ne.”

“An kawo maka kabul ɗin foraj?”

“Wanda ya yi kisa ba ya kawo kaya da wuri, sai ƙura ta lafa. In ka ga dama ka juye buhunan.”

Sadiƙu ya ga dama. An juye su duka, babu kabul mai kaurin wancan. Ya fito yana jin haushin mutumin, amma haushi ba hujja ba ne.

Na biyu shi ne Jafaru, makanikin da ya kafa foraj ɗin, wanda aka ce sun yi cacar baki da Cindo watan jiya. Ya same shi a garejinsa, hannu duk baƙin mai.

“Mun yi faɗa, gaskiya ne, Shef. Na so in ɗauki guntun waya da ya rage, ya hana ni. Ya ce na gari ne. Guntu fa, bai kai tsawon wanga tebur ba.”

“Ranar kasuwa kana ina?”

“Sabon Maci, ina gyaran famfon likita. Majo, shugaban asibitin, na nan, ku tambaye shi.”

Sadiƙu ya nuna masa hoton bakin kabul ɗin. Jafaru ya taɓe baki.

“Wanga bai san wuta ba. Da rana tsaka ya sare ta da adda, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Wanda ya sani sai ya kashe akwati tukuna, maɓalli guda ne. Cindo ya sani, ni na koya mishi.”

“Mi ya sa aka so hiddo famfon?”

“Babbar riba tana can ƙasa. Kabul tun daga sama har gindi, ga naɗin cikin injin famfon. Ni in zan hiddo shi, ƙarfe mai ƙafa uku nike kafawa, da mutum huɗu.”

“Zurhinsa nawa?”

“Metir saba'in da takwas. Da lissahin mutanen daji, gaba arba'in da biyar.”

Sadiƙu ya buɗe littafinsa ya dubi abin da ya rubuta. Shi ɗan makiyaya ne, a bakin rijiya ya yi wayo, can arewa da Tagriss, kuma ya ji kunyar kwana biyun da ya ɓata kafin ya gane abin da ubansa zai gane da kallo ɗaya.

Kwana na huɗu ya hau babur ya zagaya tsofaffin rijiyoyin da ke kewaye da zangon. Guda uku ne. Bai tambayi kowa komai ba, igiya kawai ya zura. Ta farko gaba ashirin da bakwai, ta biyu arba'in. Ta uku, wadda ciyawa ta fara cin hanyar jan ruwanta, talatin da biyu. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta ce masa ai rijiyar Jimrau ce, shekara goma sha biyar yana shayar da garken mutane da takarkarinsa, har ranar da aka kawo foraj mai aiki da hasken rana kowa ya watse ya bar shi.

Da hantsin kwana na biyar ya tara mai gari da dattawa a filin gabas da foraj. Ya sa aka je da Jimrau aka zo da sansa, wani jan bijimi da ƙasusuwan baya suka fito. Aka ɗaura masa doguwar igiya, ta fi gaba sittin, aka ɗaura buhun rairayi a ɗaya bakin.

“Kore shi, Malam Jimrau, yadda ka saba.”

Jimrau ya yi ɗan tsaki da harshe, san ya miƙa. Ba wanda ya bi shi, ba wanda ya riƙe masa akala. Ya yi ta tafiya kansa a ƙasa, ga fili a gabansa har iyakar gani, sai kawai ya tsaya, ya yi kwana ta hagu, ya kamo hanyar dawowa. Sadiƙu ya cire ƙayar da ya rufe tsohon sawun. Kwanar yau ta hau kan ta ranar kasuwa, ko taki ɗaya ba ta kuskure ba.

Makiyayan cikin taron sun riga sun sunkuyar da kai. Don mai gari, wanda manomi ne, Sadiƙu ya yi bayani.

“San jan ruwa ba ya ƙirga, amma ƙahwahunsa sun haddace rijiyarsa. In ya kai inda wasaki, gugan fata, ke hitowa, juyawa yake, ko an ce ko ba a ce ba. Ɓarawon shi kaɗai ne, dole shi tsaya bakin rami, don haka ya zo da san da ba ya bukatar mai ja. Abin da bai lissafa ba, rijiyarsa gaba talatin da biyu ce, foraj arba'in da biyar. Famfo na tsakiyar hanya san ya juyo, igiya ta saki, nauyi ya koma ƙasa.”

“To, Cindo fa?” in ji mai gari.

“Cindo na da makulli, bai bukatar fasa kwaɗo. Ya san maɓalli, bai bukatar sare wuta da adda. Daga kasuwa yake, ya hango, ya yar da kayan shayinsa ya sheƙo har takalmi ya hita. Ya iske igiya tana gudu cikin rami, ya cafke ta da hannu biyu. Ba wanda ke riƙe igiya har fatar hannunsa ta saɓule don shi yi sata. Ta fizge shi ta buga kansa da ƙarhen bakin foraj. Ruwanku yake riƙewa.”

Jimrau ya durƙusa a rairayi, ya sauke rawanin daga fuskarsa da kansa.

“Kabul ɗin na cikin rumbuna,” ya ce. “Ban iya taɓa shi ba tun ranar. Shanuna sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura wanga. Na ji ana hwaɗin abin da kilo ya kai, na ce ranar kasuwa ba kowa. Ban yi niyyar kowa ba.”

“Majon da ya duba gawar ya ce bai mutu nan take ba,” in ji Sadiƙu. “Ya kai awa guda. Likita na nan kusa, ga ka da sa. Mi ya ce maka?”

Jimrau ya dubi bakin foraj ɗin.

“Da ya iso bai ce mini ɓarawo ba. Bai ce komi ba sai, Jimrau kama mini, ruwan gari za ya tahi. Ban kama ba. Da ya hwaɗi, idonsa biyu, shina kallona. Na kwance sana, na tuge gwafa, na tahi.”

Sadiƙu ya sa masa ankwa. A shekarunsa na aiki ya kama waɗanda suka fi wannan mugunta, amma bai taɓa jin ƙyamar aikin kamar ranar ba, don ya san saura ƙofa ɗaya da zai tsaya.

Bilki ta saurare shi ta bayan zana har ya gama, ba ta katse shi ba. Ya gaya mata mijinta ba ɓarawo ba ne, mai gari zai faɗa a masallaci, ba inda za su tashi su je. Sannan ya gaya mata sauran.

“Yaya Jimrau,” ta ce. Ba tambaya ba ce. Can ta ƙara, “Shi ya goye ni da innarmu ta rasu.”

“Ki yi haƙuri. Abin da kinka roƙa ke nan, ban samu wata hanyar kawo miki shi ba.”

“Na sani. Na gode, Ajidan.”

Kafin azahar tabarmi uku sun kasa, an aro wasu daga masallaci. Maza suka cika ƙofar gidan har bakin hanya, mai gari a sahun gaba, ana ta yabon amanar Cindo da bakunan da suka tsine masa jiya. Mata suka yi layi suna shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, kowace ta durƙusa ta ce, “Bilki, ya haƙuri?” Tana amsawa da “Haƙuri sai ma'aiki,” idonta a kan ƙofa. Daga inda take zaune tana jin motar jandarma tana fita daga zangon, har ƙararta ta ɓace, kuma a cikin duk masu gaisuwar ba wadda ta yi mata ta'aziyyar wanda ke cikin motar.