Tumfafiyar Inna Sahura

Da hantsi Sharau ya fito daga akwatinsa, ya bi layin tukwane da ƙafafunsa na ƙarfe yana haska kowane ganye da 'yar fitilarsa. Inda ya ga abu na motsi sai ya zuƙe shi, ya ƙone a cikinsa. Injiniya Tanimu ne ya ƙera wannan na'ura, kuma babu rufin bene a birnin Tudun Haske da ba a ajiye irinta ba. Shi ya sa ganyen garin ke sheƙi kamar an shafa masa mai, ko huji ɗaya babu.

Tanimu yana ji da aikinsa, amma abu ɗaya ya hana shi sakat. Idanun mahaifiyarsa, Inna Sahura, suna dusashewa, likita ya ce da wuya ganinta ya kai ƙarshen damina. Ita kuwa ba ta roƙi komai ba sai ta sake ganin malam-buɗe-littafi, wanda yaran birnin ba su sani ba sai a waya.

Ya yi bincike, ya gano ba furen ƙasashen waje suke bi ba, tsiron gida suke so. Ya samo irin tumfafiya da tafasa ya shuka. Maƙwabta suka samu abin dariya, wai mutum da iliminsa ya hau da bola saman bene.

"Injiniya," in ji Inna, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "jiya kamar na ga giftawar wani abu ja-ja."

"Wataƙila leda ce, Inna."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya buɗe hotunan da Sharau ke ɗauka yana aiki. Ashe ba leda ba ce. Wata macen malam-buɗe-littafi ce ta taso daga bayan gari, ta zuba ƙwai a ƙarƙashin ganyen tumfafiya. Ya yi ta tura hoton gaba, baki buɗe. Ƙwai ya fashe, tsutsa mai ratsin baƙi da rawaya ta fito ta kama cin ganye. Sai ga bakin Sharau. Tun farkon damina haka ake yi, kuma shi da hannunsa ya rubuta umarnin cewa duk mai cin ganye abokin gaba ne.

Ya kashe na'urar, kunya da takaici suka rufe shi. Ganye ya cika da huji, sababbin tsutsotsi suka yi ɓul-ɓul, suka naɗe kansu cikin koren kwanso. Sai dai su ba a yi musu gaggawa, idon Inna kuma bai jira ba.

Ranar da suka fito daga kwanson da fikafikansu Inna na zaune kan tabarma, ba ta bambance rana da inuwa. Ɗaya ya sauka a bayan hannunta, ta ƙame.

"Shi ne?"

"Shi ne, Inna."

"Ƙafafunsa na yi mini cakulkuli. Faɗa mini kamanninsa, kada ka rage komai."

Tanimu ya durƙusa kusa da ita. "Kamar lallen da ya kama sosai, Inna. Gefen fiffiken baƙi ne, da ɗigo-ɗigon fari..."

Bai ƙarasa ba malamin ya tashi, ya tsallake katanga ya nufi rufin maƙwabta, inda wani Sharau ke bin ganye da fitilarsa.